Manufofin harkokin wajen Najeriya

Manufofin harkokin wajen Najeriya su ne tsare-tsaren da gwamnatin tarayya take bi wajen hulɗa da sauran ƙasashen duniya, ta fuskar diflomasiyya, ba da taimako ko karɓarsa, da kuma cinikayya. Tun daga samun 'yancin kai a ranar 1 ga Oktoba, 1960, gwamnatocin farar hula da na soja sun yi ta sauyawa, amma kusan dukkansu sun riƙe magana ɗaya, wato Afirka ce a sahun gaba. Abin da ya riƙa hawa da sauka shi ne ƙarfin aljihu. A shekarun da man fetur ya yi tsada, Najeriya ta ba ƙasashe da dama kuɗi da sojoji da ƙwararru. A shekarun da farashin ya faɗi kuwa, ta kori baƙi, ta rufe iyakoki. Manufar kasuwancinta ma ta sha cin karo da abin da jakadunta suke faɗa a tarukan Afirka, musamman game da maƙwabta.

Tushen doka da hukumomi

Sashe na 19 na kundin tsarin mulkin 1999 ya zayyana manufofi biyar: kare muradun ƙasa, goyon bayan haɗin kan Afirka, ƙarfafa haɗin gwiwar ƙasashe domin zaman lafiya da kawar da wariya, mutunta dokokin ƙasa da ƙasa tare da sasanta rikici ta hanyar sulhu, da neman adalci a tsarin tattalin arzikin duniya. Shugaban ƙasa ne yake jan ragama, Ma'aikatar Harkokin Waje kuma ita take aiwatarwa. Majalisar Dattawa ce take tantance jakadu, kuma bisa sashe na 12, babu yarjejeniyar da za ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasa da Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a Legas a 1961, tana cikin wuraren da ake horar da masana da ba gwamnati shawara.

A Hausa kalmar jakada ta daɗe kafin zuwan ofisoshin diflomasiyya, domin a tsarin sarauta jakada shi ne ɗan aiken da yake tsakanin hakimi da garuruwan da ke ƙarƙashinsa. Yanzu ana amfani da ita ga kowane wakilin ƙasa, duk da cewa a tsakanin ƙasashe renon Ingila sunan muƙamin a hukumance shi ne babban kwamishina.

Jamhuriya ta farko

Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya a ranar 7 ga Oktoba, 1960, kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya yi jawabin shigarta. Shi ya riƙe harkokin waje da kansa har zuwa 1961, lokacin da ya naɗa Jaja Wachuku minista. A baki, gwamnatin ta ce ita 'yar ba-ruwanmu ce a yaƙin cacar baka. A aikace ta karkata ga ƙasashen Yamma, har ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Birtaniya, wadda zanga-zangar ɗalibai da 'yan adawa suka sa aka soke a watan Janairun 1962.

Duk da sunan da gwamnatin ta yi na taka-tsantsan, ta ɗauki matakai masu zafi. A watan Janairun 1961 ta yanke hulɗa da Faransa saboda gwajin makaman nukiliya da ta yi a hamadar Sahara, ta kori jakadanta, ta hana jiragenta na ruwa da na sama shigowa. An ɗage takunkumin jiragen bayan 'yan watanni, don ya taɓa maƙwabta irin su Nijar da Chadi waɗanda kayansu suke bi ta tashoshin ruwan Najeriya. A wannan shekarar kuma Tafawa Ɓalewa yana cikin shugabannin da matsin lambarsu ya sa Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Sojojin Najeriya sun yi aiki a Kongo daga 1960 zuwa 1964, inda a ƙarshe Manjo Janar Aguiyi-Ironsi ya jagoranci dukan rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya. A batun haɗin kan Afirka, Najeriya tana ɓangaren Monrobiya mai son a bi a hankali, saɓanin Ghana ta Kwame Nkrumah da take son gwamnati ɗaya nan take, kuma ra'ayin bi a hankali ne ya yi rinjaye a lokacin da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963.

Jihohin wancan lokaci suna da tasu muryar. Gwamnatin tarayya ta karɓi rance da ƙwararru daga Isra'ila, amma gwamnatin Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta ƙi, ta fuskanci ƙasashen Larabawa da na Musulmi. An yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ba a mayar ba sai 1992.

Darasin yaƙin basasa

Yaƙin 1967 zuwa 1970 ya canza lissafi. Amurka ta ƙi sayar wa gwamnatin tarayya makamai, Birtaniya ta taƙaita irin waɗanda za ta bayar, sai Tarayyar Sobiyet ta kawo jiragen yaƙi. Faransa ta taimaki Biyafara a fakaice, ƙasashe biyar kuma suka amince da ita: Tanzaniya, Gabon, Kwaddebuwa, Zambiya da Haiti. Nijar da Kamaru sun tsaya tare da Legas. Gwamnatin Yakubu Gowon ta fito daga yaƙin da fahimtar cewa maƙwabcin da aka yi sake da shi zai iya zama ƙofar abokin gaba. Daga nan aka ƙulla hulɗa da Sin a ranar 10 ga Fabrairu, 1971, aka shiga OPEC a wannan shekarar, sannan Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo suka yi ta zagaye har ƙasashe 15 suka sa hannu a yarjejeniyar kafa ECOWAS a Legas a ranar 28 ga Mayu, 1975. Masu magana da Hausa a Nijar sun fi sanin ƙungiyar da sunanta na Faransanci, CEDEAO.

Angola da yaƙi da mulkin wariya

Lokacin da aka fi tunawa da shi a tarihin diflomasiyyar Najeriya shi ne 1975 zuwa 1979. Da Fotugal ta fice daga Angola, ƙungiyoyi uku suka shiga rikicin mulki. Da farko Najeriya tana neman a kafa gwamnatin haɗin gwiwa. Da ta tabbata cewa sojojin Afirka ta Kudu sun shiga ƙasar suna mara wa abokan gabar MPLA baya, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta amince da gwamnatin MPLA a ranar 25 ga Nuwamba, 1975, ta kuma ba ta tallafin dala miliyan 20. Shugaban Amurka Gerald Ford ya aika wa shugabannin Afirka wasiƙa yana neman kada su bi wannan hanya. Gwamnatin Najeriya ta saki wasiƙar ga 'yan jarida tare da martani mai kaushi. A taron gaggawa na Addis Ababa, a ranar 11 ga Janairu, 1976, Murtala ya yi jawabin da ya ce Afirka ta kai munzali, ba ta buƙatar wata ƙasar waje ta faɗa mata abin da za ta yi. Taron ya tashi ƙasashe 22 a kowane ɓangare, amma cikin watan Fabrairu rinjaye ya koma wajen MPLA, ƙungiyar ta karɓi Angola a matsayin mamba kwanaki kaɗan kafin a kashe Murtala a ranar 13 ga watan.

Janar Olusegun Obasanjo da kwamishinan harkokin waje Joseph Garba suka ci gaba a kan wannan turba. A 1976 aka kafa asusun agaji na Kudancin Afirka, wanda ma'aikatan gwamnati suka ba shi kashi 2 cikin 100 na albashinsu, ɗalibai da 'yan kasuwa ma suka sa nasu. An ba matasan Afirka ta Kudu guraben karatu a makarantun Najeriya, an ba wasu 'yan gwagwarmaya fasfo, Thabo Mbeki kuma ya zauna a Legas a matsayin wakilin ANC. Najeriya ta ƙaurace wa gasar Olamfik ta 1976 da wasannin ƙasashe renon Ingila na 1978 da na 1986, ta kuma karɓi baƙuncin taron duniya kan yaƙi da wariya a Legas a watan Agustan 1977. Duk da nisan da ke tsakaninta da Kogin Limpopo, an riƙa lissafa ta tare da ƙasashen bakin daga. Jakadunta sun daɗe suna shugabantar kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariya, cikinsu har da Yusuf Maitama Sule, Joseph Garba da Ibrahim Gambari.

A nan ne kasuwanci ya zama makamin diflomasiyya ƙarara. Gwamnati ta janye ajiyarta daga bankin Barclays saboda hulɗarsa da Afirka ta Kudu, kuma bankin ne ya koma Union Bank. A ƙarshen watan Yulin 1979, ana gab da taron Lusaka inda za a tattauna makomar Rodeshiya, ta ƙwace hannun jarin kamfanin BP. Har yanzu masana suna saɓani kan ko matakin ne ya sa Margaret Thatcher ta sassauta, amma dai a watan Afrilun 1980 Zimbabwe ta sami 'yanci.

Taimakon da Najeriya take bayarwa

Hanyoyi biyu ne suka ɗore. Ta farko ita ce Asusun Amana na Najeriya da aka buɗe a Bankin Raya Afirka a 1976 da dala miliyan 80, domin ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi rance mai sauƙin ruwa. Ta biyu ita ce shirin ƙwararru 'yan sa-kai, wanda aka fi sani da TAC, da minista Bolaji Akinyemi ya ƙirƙiro a 1987 aka kuma ba shi doka a 1993. Dalilin kafa shi a fili yake: kuɗin da aka riƙa miƙa wa shugabanni a hannu a shekarun 1970 bai bar wata alama ba, kuma zuwa lokacin baitulmali ya yi rauni. Sai aka koma tura mutane a maimakon kuɗi. Likitoci, ma'aikatan jinya, malaman makaranta da na jami'a, injiniyoyi da lauyoyi suna tafiya na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da yankin Karebiya da na Pasifik, kamar Gambiya, Uganda, Saliyo, Namibiya, Jamaika, Belize da Fiji. Najeriya ce take biyan alawus ɗinsu, ƙasar da ta karɓe su kuma ta ba su masauki.

Tun kafin wannan shiri alƙalan Najeriya sun riƙe manyan kotunan wasu ƙasashe. Udo Udoma ya zama alƙalin alƙalan Uganda, Akinola Aguda na Botswana, Emmanuel Ayoola na Gambiya. Akwai kuma jarin haɗin gwiwa, irin kamfanin siminti na Onigbolo da na sukari na Savé a Jamhuriyar Benin.

Najeriya tana karɓar taimako ita ma. Idan aka kwatanta da girman tattalin arzikinta bai taka kara ya karya ba, amma ya taru a wurare masu hatsari: maganin cutar ƙanjamau, zazzaɓin cizon sauro, rigakafi, da ciyar da 'yan gudun hijira a Arewa maso Gabas. Da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta a farkon 2025, sai da aka ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar domin cike giɓin.

Sojoji a ƙasashen waje

A 1979 an yi zaman sulhun ɓangarorin Chadi a Kano sannan a Legas, kuma Janar Geoffrey Ejiga ne ya jagoranci rundunar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da ta je ƙasar a 1981. Aiki mafi tsada shi ne na ECOMOG, wanda ya fara a Laberiya a watan Agustan 1990 ya kuma wuce Saliyo, inda aka mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a watan Maris na 1998. Najeriya ce ta ɗauki mafi yawan sojoji da kuɗi, kuma adadin da gwamnati ta ambata daga baya ya kai dala biliyan 8. Abin mamaki shi ne gwamnatin soja ta Sani Abacha ce ta mayar da zaɓaɓɓen shugaba a Saliyo, alhali ita kanta tana ƙarƙashin takunkumi tun bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a ranar 10 ga Nuwamba, 1995. An dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila har zuwa 29 ga Mayu, 1999.

Bayan dawowar farar hula, Obasanjo ya mayar da hankali ga gyara suna da neman yafe bashi. A 2005 ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris ta yafe dala biliyan 18 cikin kimanin biliyan 30, Najeriya ta biya sauran zuwa watan Afrilun 2006. Ta kuma bi hukuncin Kotun Duniya na 2002 ta miƙa wa Kamaru yankin Bakassi, aka kammala a watan Agustan 2008. Sau biyar tana zama a Kwamitin Sulhu a kujerar da ba ta dindindin ba, kuma ta daɗe tana neman ta dindindin.

Cinikayya da ƙasashen waje

A lokacin 'yanci gyaɗa, koko, manja, auduga da kuza ne suke kawo kuɗin waje, Birtaniya kuma ita ce babbar mai saye. An fara fitar da ɗanyen mai a 1958, kuma tun tsakiyar shekarun 1970 mai da iskar gas suke kawo mafi yawan kuɗin da ƙasar take samu daga waje. Amurka ta daɗe tana kan gaba wajen saye, har sai da nata man ya yawaita, ta yadda a watan Yulin 2014 ba ta sayi ko ganga ɗaya ba. Indiya, Sifen, Holan da Faransa suna cikin manyan masu saye a shekarun da suka biyo baya. A ɓangaren shigo da kaya Sin ce kan gaba. Rancenta da kamfanoninta ne suka gina layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da na Legas zuwa Ibadan a 2021. A 2017 an umarci ofishin kasuwancin Taiwan ya tashi daga Abuja ya koma Legas, a 2018 kuma manyan bankunan ƙasashen biyu suka ƙulla musayar kuɗi ta yuan biliyan 15. A watan Janairun 2025 Najeriya ta zama abokiyar hulɗar BRICS.

A kan yarjejeniyoyin buɗe kasuwa Najeriya tana jan ƙafa, don masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago suna tsoron kayan waje su kashe na gida, kuma rushewar masaƙun Kaduna da Kano hujja ce da suke yawan kawowa. Ta ƙi sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci tsakanin Yammacin Afirka da Tarayyar Turai. Yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka ma sai a ranar 7 ga Yuli, 2019, a Yamai, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu, fiye da shekara ɗaya bayan yawancin ƙasashe. Wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan haka ya rufe iyakokin ƙasa domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur, ba a buɗe ba sai watan Disamban 2020.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A watan Janairun 1983, da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu kusan miliyan 2, wajen rabinsu 'yan Ghana, ƙasar da ita ma ta kori 'yan Najeriya a 1969. Gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakoki daga 1984, rufewar da ta zo daidai da fari, har a wasu sassan Nijar aka laƙaba wa yunwar shekarar suna El-Buhari. Masu sukar manufar suna cewa Najeriya ta kashe dukiya mai yawa ba ta samu kasuwa ko kwangila a madadin ba, suna misali da hare-haren da aka kai wa 'yan Najeriya a Afirka ta Kudu a 2019. Wannan ƙorafi ne ya haifar da sunaye irin su diflomasiyyar tattalin arziki a zamanin Ike Nwachukwu da diflomasiyyar ɗan ƙasa a zamanin Ojo Maduekwe. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ƙasar da ɗanyen mai ne kusan duk hajarta ba ta da abu mai yawa da za ta kai kasuwannin da diflomasiyya ta buɗe mata.

Hulɗa da Nijar

Babu inda taimako da diflomasiyya da ciniki suka cakuɗe kamar a iyakar Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, wadda ta shafi jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno. An kafa hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu a 1971, hedikwatarta tana Yamai. Tun shekarun 1970 Najeriya take sayar wa Nijar wutar lantarki, kuma ana yawan bayyana wannan a matsayin hanyar hana datse Kogin Kwara kafin ruwansa ya iso Kainji. Dabbobi, albasa da wake suna gangarowa kudu, hatsi da kayan masana'anta suna haurawa arewa, ta Illela da Ƙonni, Jibiya da Maraɗi, Maigatari da Kamba, kuma da yawa daga cinikin ba ya shiga littafin kwastan. A 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS a ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu ta ƙaƙaba takunkumi, ta kuma yi barazanar amfani da ƙarfin soja. Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar da take samar da kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, sanatocin Arewa da sarakuna da malamai suka fito fili da adawarsu. Tsohon shugaba Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar sun je Yamai da sunan ECOWAS, Muhammadu Sanusi II da tawagar malamai ma suka gana da Janar Abdourahamane Tiani. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka aka mayar da wuta a watan Maris, amma Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewa daga ECOWAS, ficewar da ta tabbata a ranar 29 ga Janairu, 2025.

A watan Disamban 2024 Tiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa a wata hira da ya yi da Hausa, jami'an Abuja kuma suka musanta, har da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Nuhu Ribadu, wanda shi ma ya mayar da martani da Hausa. A watan Afrilun 2025 ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya je Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, inda suka amince a farfaɗo da hukumar haɗin gwiwa, a kuma ci gaba da tattaunawa kan layin dogon Maraɗi da bututun iskar gas da zai ratsa Sahara zuwa Aljeriya.